Ire-iren Mutanen da Ake Samu a Tashar Jona Kwamfuta

Tashar jona kwamfuta wani ɗan akwati ne mai kafofi da yawa da ake ajiyewa a kan tebur, a tara wayar babban allo da ta intanet da ta linzami da ta madannai a bayansa, domin mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya zo da safe ya soka waya ɗaya tak komai ya kama aiki. Abin da aka rubuta a jikin kwali ke nan. Sunan tasha kuwa ya dace da ita, domin kamar tashar mota ba a raba ta da jira da gardama da ɓatan kaya, da kuma mutanen da ba tafiya za su yi ba amma sun fi fasinja baki. Da zarar an soka waya babban allo ya tsaya baƙi ƙirin ya rubuto cewa babu sigina, wato hoto bai iso masa daga kwamfuta ba, sai kowa a ofis ya nuna irin nasa hali, tun da ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne mai girgiza waya, wanda yakan zare ta ya hura mata iska ya mayar yana kallon allo ta gefen ido, kuma sau da yawa yakan dace. Kusa da shi akwai mai kashewa da kunnawa, wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta. Sai dattijon da bai yarda da wata waya ba in ba VGA ba, wato mai shuɗin kai da allurai 15 a ciki, wanda yakan zauna ya murɗa kusoshinta biyu har ƙarshe da natsuwar mai ɗaure tunkiya, yana cewa duk wayar da ba a ɗaure ta ba, ba ta da amana. Hotonsa yakan fito da ɗan dishi-dishi, amma yakan fito. Akwai kuma baiwar Allah da ke rufe murfin kwamfuta don ta koma kan babban allo, sai duka biyun su mutu, domin ba a gaya wa kwamfutar cewa rufe murfi ba umarnin barci ba ne. Da mai neman 'yar kibiyar linzami da ta ɓace, saboda allon yana hannun dama a kan tebur amma a lissafin kwamfuta yana hagu.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne masanin ofis, wanda ba aikinsa ba ne gyaran kwamfuta kuma babu wanda ya taɓa kiran sa. Daga tebur na uku yake jin ajiyar zuciyar wanda allonsa ya ƙi, sai ya taso da kofin shayinsa, fuskarsa tana cewa abin nema ya samu, ya ja kujera ba tare da an yi masa tayi ba, ya tambaya cikin tausayi: "Malam, wa ya sayo maka wannan?" Ko wace amsa aka ba shi, ƙarshenta ɗaya ne, wato da an tambaye shi da ba a yi asarar kuɗi ba. Daga nan darasi ya fara, kuma ba ya farawa sai daga tushe: kamfanin IBM ne ya fito da VGA a 1987, HDMI ta biyo baya a ƙarshen 2002, DisplayPort a 2006, sannan USB-C a 2014. Minti ashirin sukan wuce hannunsa bai taɓa waya ko ɗaya ba.

Abin da ke sa a kasa korar sa shi ne yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. Gaskiya ne cewa ba kowace kafar USB-C ce ke ɗaukar hoto ba, ko da yake duk siffarsu ɗaya, domin wata caji da bayanai kawai ta iya, sai wadda aka yi wa alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar DisplayPort a gefe ake iya rantsuwa a kanta. Gaskiya ne cewa tsohuwar HDMI 1.4 ba ta sabunta hoton allo mai 4K fiye da sau 30 a daƙiƙa, shi ya sa kibiyar linzami ke tafiya kamar mai ɗingishi, alhali 2.0 tana kai 60. Sai dai ilimin nasa yakan zagaye matsalar da ke gabansa ya wuce. Yakan yanke hukunci cewa laifin direba ne, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da wata na'ura, sai ya sauko da na DisplayLink ko da tashar ba irin mai buƙatarsa ba ce, ya kashe kwamfuta ya kunna sau uku, ya shiga saituna ya mayar da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Ana kiran azahar ya miƙe ya ce a bar shi haka kada kowa ya taɓa. Bayan fitarsa masinja yakan zo ɗaukar fayil, ya sa yatsa a ƙarƙashin allon ya danna maɓallin da ke sauya mashiga daga HDMI ta ɗaya zuwa ta biyu, hoto ya fito tar. Idan masanin ya dawo, yakan duba allon ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu direban ya zauna."

Yallaɓai mai ofis shi ma yana da nasa babi, gajere amma mai tsada. Idan aka danna maɓallin Windows tare da P, kwamfuta takan ba da zaɓi huɗu, biyu daga ciki su ne a kwafi allon ko a faɗaɗa shi, kuma Yallaɓai bai taɓa tsayawa bambance su ba. Saboda haka a tsakiyar taron kasafin kuɗi saƙon WhatsApp na uwargida kan cefane yakan bayyana a gaban mutum goma sha biyu, kowa ya duƙar da kai yana nazarin takardarsa, har wani ya yi ƙarfin halin cewa, "Ranka ya daɗe, ko a ɗan rufe wancan shafin?" Mai MacBook kuwa, wanda ya saba kallon sauran ofis da jinƙai, yakan yi tsit ranar da ya gane cewa MacBook Air mai M1, wadda Apple ya fitar a 2020, allo ɗaya kacal take ɗauka a waje in ba an bi ta wata dabara ba, bayan ya riga ya sayi biyu ya jera.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba a iya yi wa dariya shi ne mai musanya waya. Ɓarawon da ya ɗauke waya ya tafi ya fi shi mutunci, domin ya bar gurbi a fili, kowa ya san abin da ya ɓace. Shi wannan yakan zare gajeriyar waya mai kauri da ta zo da tashar, wadda ke ɗaukar hoto da wuta da bayanai gaba ɗaya, ya maye gurbinta da siririyar wayar cajin salularsa, baki iri ɗaya, launi iri ɗaya, ya daidaita ta a wurin kamar ba a taɓa ba. Washegari mai tebur yakan soka, wataƙila ma ya ga alamar caji, amma allo ya ƙi, sai ya zargi tashar, ya zargi kwamfutarsa, ya zargi kansa, masanin ofis kuma ya samu aikin yini guda. Rahoton da ya kamata a miƙa da ƙarfe goma ba ya fita sai bayan la'asar, kuma wanda aka zalunta ne ke shan faɗa. Mai musanyar yana nan a ɗakin, yana jin komai, har yakan ɗago kai ya ce, "Allah ya kyauta, kayan yanzu ba su da ƙarko."

Wannan ta'asa ce ta haifar da nau'i na ƙarshe, wato mai tsaron waya, wanda ke naɗa wa kowace waya salatif ya rubuta sunansa da jan biro, ya kulle su a durowa da yamma, ya tafi gida da cajar tashar a jaka, ta yadda idan ya tafi hutu teburinsa ba ya amfanar kowa. An ce mai wannan rubutu yana da ɗan kusanci da wannan rukuni, ko da yake shi yana ganin hakan taka-tsantsan ne kawai. A durowarsa akwai wata gajeriyar waya mai kauri da alamar walƙiya, salatif ɗin jikinta ɗauke da sunan sashen kuɗi, wadda yake riƙe da ita amana tun bara har mai ita ya kawo shaida.