Kamfanin da Ke Gudun Kwanar Hagu

To, 'yan gardama, a gyara zama. Tun ban buɗe baki ba na san abin da za ku ce: wai a harkar jigilar kaya mai yawan motoci shi ne sarki. Haka kuka yanke a teburin mai shayi, kuma ba mai ɗaga muku shari'a. Madalla. Sai ku gaya mini dalilin da ya sa UPS, kamfanin Amurka da aka kafa a Seattle tun 1907, wanda motocinsa sun fi ƙarfin lissafinku, yake tsara wa direbobinsa hanya don su guji kwanar hagu sai in ta kama dole.

Eh, kwanar hagu na ce. Ku yi dariyarku ku gama. A Amurka hannun dama ake bi, kamar yadda Najeriya ta koma tun 1972. Mai shan kwanar hagu sai ya tsaya ya jira motocin da ke tahowa su wuce, inji na shan mai, lokaci na tafiya, ga haɗarin a yi karo. Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma direba ɗaya yakan tsaya ƙofar gida fiye da ɗari a yini, kuma direbobin dubbai ne. Manhajarsu mai suna ORION ce ke zaɓa wa direba gidan da zai fara da wanda zai biyo baya. Kamfanin da bakinsa ya ce in aka rage wa kowane direba mil ɗaya tak a kullum, dala miliyan 50 ta tsira a shekara. Yanzu wa ke dariya?

Na ga Alhaji can baya ya ɗaga hannu: wai zagaye asara ne, miƙaƙƙiyar hanya ta fi. Ranka ya daɗe, riƙe hularka. Daren 17 ga Afrilun 1973 wani kamfanin jigilar kaya na Amurka, FedEx, ya fara aiki da ƙananan jirage 14, ɗauke da ƙunshin kaya 186 zuwa birane 25. Dabarar Fred Smith, wanda ya kafa kamfanin, ita ce kowane ƙunshi sai ya biya ta birnin Memphis cikin dare, a tantance shi, kafin ya kama gabansa, ko da garin da za shi maƙwabci ne. Kamar ka aika saƙo daga Kano zuwa Zariya a ce sai ya leƙa Abuja tukuna. Hauka, ko? To haɗa kowane birni da ɗan'uwansa kai tsaye, birane 25 za su ci hanyoyi 300, jirage na tashi rabinsu iska. Ta Memphis kuwa 25 sun isa, washegari da safe kaya na hannun mai shi.

Alhaji, ƙirga 300 ɗin nan da yatsunka, ba gaggawa. Kuɗin shayin yau kuma a kanka yake, tunda kai ne mai yawan motoci.