Gafiyar da Ta Tashi Gari

Gafiya ba ɓera ba ce, kuma duk wanda ya haɗa su bai taɓa ajiye masara a rumbu ba. Ɓera ɗan tsince-tsince ne, ya ci ya rage maka. Gafiya kuwa 'yar kwangila ce. Jaka biyu gare ta a kumatu, ta cika su maƙil, ta kai rami ta juye, ta dawo ta sake lodi, haka har asuba. Da Bahaushe ya ce gafiya tsira da na bakinki, bai faɗi sawu nawa take yi a dare ɗaya ba.

A kakar 2021 wata ta tare a gindin rumbuna. Mu nan tsakanin Ƙanƙara da Faskari masara ce tinƙahonmu, sai dawa da waken suya da ɗan abin da ya rage na auduga. Amma a shekarar ba kowa ya iya taka gonarsa ta nesa ba, saboda matsalar 'yan bindiga da kowa ya sani. Abin da na samu a 'yar gonar bayan gida, shi ke nan abincin shekara. Na ɗana tarko, ta cinye ƙuli-ƙulin ta bar mini tarkona a ɗane. Maganin ɓera kuwa uwargida ta ce ba dai a gidan da take kiwon kaji ba.

Ni malamin lissafi ne, wannan yana da muhimmanci a labarin. Kafin a katse mana layin waya a watan Satumba na shekarar, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na ɗan jima ina kallon wasu Amurkawa a YouTube masu ɗura harsashinsu da kansu. Mutum zai tara kwanson harsashin da ya harba, ya wanke, ya goge, ya auna albarushi a ɗan sikeli da wani ma'auni wanda sai ka tara 15 da ɗoriya kafin su yi giram ɗaya. Ya rubuta a littafi. Duk wannan hidima don ya harbi wata dabba mai kama da kurege da ke haƙe musu makiyaya, da harsashi irin .22 Hornet ko .223 Remington, wanda kaurin kansa bai cika milimita 6 ba. Na ce lallai harbi lissafi ne, maharbanmu dai ba su samu wanda zai tsara musu ba.

Sai na nufi gidan Kawu. Kawuna tsohon maharbi ne, cikin mutanen Sarkin Baka, kuma yana da bindigar toka wadda ta girme ni. Maƙeri ne ya ƙera ta da bututun ƙarfe, gindinta na itace ya yi baƙi yana sheƙi saboda gumin hannu, an ɗaure tsakiyarta da fatar akuya, ga 'yar laya tana reto a kusa da kunama. Irin wannan bindiga ta baki ake ciyar da ita, kuma harbi ɗaya take yi, sai ka sake zama ka ɗura. Shi ya sa wasu ke ce mata harbi-ka-ruga.

Kawu ya saurare ni yana tauna goro, ya ce, "Gafiya, ɗan nan? Ai aikin yara ne."

Na ce, "Kawu, wannan ta wuce yara."

Ya yi shiru, sannan ya jawo bindigar da ƙahon da yake zuba albarushi. Na fiddo littafi da biro. Ya zazzaga garin a tafin hannu, ya dube shi, ya mayar da kaɗan cikin ƙahon, ya juye sauran a bakin bindiga.

"Kawu, giram nawa ke nan?"

"Na gafiya."

"To in biri ne fa?"

"Sai ka zuba na biri."

Na rubuta. Ya tura tsumma, ya bi shi da sanda ya danna, ya zuba 'yan ƙwayoyin ƙarfe, ya sake tura tsumma. Sai ya bar sandar a ciki, ya gwada abin da ya leƙo waje da yatsunsa, ya ce, "Ka ga nan? In sanda ta fi haka leƙowa, kada ka kuskura ka taɓa kunama." Wannan ma na rubuta, har na ja masa layi biyu. Ya miƙo mini bindigar da ƙahon, ya tashi zai yi alwala.

A nan ne ni da Kawu muka sha bamban, kuma har gobe ban sauka daga kan ra'ayina ba. A aji, in malami ya yi misali a allo, misali ne. Sai ya goge allo, ɗalibi ya yi nasa aikin tun daga farko. Ban taɓa jin inda aka bar misali a cikin bindiga aka ba mutum ya tafi da shi gida ba, babu ko 'yar alama da alli.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na soma aikin gida. Tafin hannu ba ma'auni ba ne a wurin mai ilimi, don haka na ari cokalin shayin uwargida. Na zuba na gafiya, na tuna girman wannan gafiyar, na ɗan ƙara mata daga na biri. Ƙwayoyin boris na samo wurin mai gyaran keke, tsumma kuma daga wani tsohon zane da na ga kamar an daina ɗaurawa. Da na zura sanda, sai na ga ta leƙo fiye da yadda Kawu ya nuna, nesa ba kusa ba. Na duba littafi, na duba sanda. Sai na gano bakin zaren: yatsun Kawu na mai riƙe fartanya ne, nawa na mai riƙe alli, dole awon ya bambanta. Na rubuta wannan ma a gefen shafi.

Bayan isha'i na ɗaure tocila a goshi da robar tayar keke yadda maharba ke yi, na kifa turmi na zauna, rumbu na gabana, akurkin kaji na bayana. Sauro ya ci rabonsa. Can dare ya raba sai ga ta, ta fito a natse, jelar nan mai farin ƙarshe tana jan ƙasa. Na kunna tocila. Ba ta gudu ba. Ta miƙe a kan ƙafafun baya, kumatu cike da masarata, ta ɗaga hanci sama tana shinshina.

Daga baya na fahimci abin da take yi. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya akwai wata ƙungiya, APOPO, da ke horar da 'yan uwan gafiya su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, har lambar zinariya aka rataya masa a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Dangin da ke jin ƙanshin nakiya a ƙarƙashin ƙasa, me zai hana su ji cokulan albarushi a tsakar gida? Ta yi taku biyu gefe. Ni kuma na ja kunama.

Da farko bindigar ta ce "tsss", har na soma tunanin mayar wa Kawu kayansa. Abin da ya biyo baya ban ji shi da kunne ba, a ƙirji na ji shi. Da na buɗe ido ina cikin akurki, ƙafafuna a sama, kaza tana tsaye a cikina. Hayaƙi ya rufe gidan. Bakin bindiga ya tsage gida uku, tsumman zanen ya tashi da wuta ya sauka a jinkar rumbu, jinka ta kama.

Da a zamanin ƙuruciyata ne, wanda ya ji ƙarar zai juya a shimfiɗa ya ce wani ya samu nama. Amma tun daren nan na Disamba 2020 da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, da abubuwan da suka faru kafinsa da bayansa, harbin dare a ƙasarmu ya daina zama na mutum ɗaya. Kowa da takalminsa a kusa yake kwana. Kafin in fito daga cikin kaji, rabin gari ya shige gonakin dawa. Mata sun saɓi 'ya'ya, wata ma ɗan kishiya ta goya ba ta sani ba sai da gari ya waye. Maƙwabcina, dattijon da ya shekara da shekaru yana dogara sanda yana kukan gwiwa, ya tsallake dangarsa da ta gidan gaba. 'Yan sintiri suka amsa da nasu bindigogin daga gabas, na yamma suka ji suka amsa wa na gabas.

Ni ban san ana yi ba, kunnuwana sun toshe. Na fito ƙofar gida neman masu taya ni kashe wuta, fuska baƙi ƙirin, gira ta ƙone, tocila a goshi, rabin bindiga a hannu. Ban ankara ba na ji ni a ƙasa, ƙarti sun danne ni. Ina cewa "Ni ne Malam!" suna magana ina ganin bakinsu kawai. Aka kira uwargida ta shaida ni. An ce da ta zo ta dube ni, ta dubi guntun zanenta da ke ci a kan rumbu, sai ta ce, "Ku ƙara haska shi dai tukuna."

Da safe aka taru a zauren Mai unguwa. Kawu ya juya bindigarsa, ya leƙa, ya shinshina, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗuri biyu ne. Nawa na ƙasa, nasa na sama, kuma nasa na giwa ne. Allah ne kawai ya yi da sauran shan ruwansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga littafi. A duba a ga ko akwai inda aka ce in fara dubawa ko da wani abu a ciki."

Mai unguwa bai karɓi littafin ba. Ya tuna mini cewa dokar makamai ta 1959 ba ta bar ko bindigar toka haka sakaka ba, sai da izinin Kwamishinan 'yan sanda, kuma izinin wani ba ya bin bindiga zuwa gidan ɗan 'yar uwarsa. Ya ce in na fi son a je a yi lissafin a can, ga hanya. Na ce a'a, lissafin gida ma ya wadatar. Aka ɗora mini kuɗin maƙeri, da gyaran danga biyu, da albarushin da 'yan sintiri suka ƙona suna harbin juna a sama. Zane kuwa ba a zauren aka yanke hukuncinsa ba, kuma ya fi sauran tsada.

Da hantsi yaran unguwa suka zo da fartanya da busasshiyar ciyawa. Suka toshe rami ɗaya, suka tura hayaƙi ta ɗayan, kafin a kira azahar suna ta rabon cinya. Da suka tone ramin sun tarar da masara ta kusa cika kwano, suka ce ta mai tonowa ce. Kawu yana tsaye yana kallo, bai ce komai ba, sai dai ya daɗe yana kallona.

Saura labari. Da yake babu waya, da ƙafa ya tafi, kuma labarin da ya tafi da ƙafa yakan yi ƙiba a hanya. A Faskari an ce an shigo garinmu an ƙona rumbuna. A kasuwar Dandume an ce wani malamin makaranta ya tare maharan shi kaɗai da bindigar toka. Kafin ya isa Sabuwa na riga na rasu, an ma yi jana'iza.

Ranar Juma'a sai ga yayan uwargida daga Sabuwa, ido jawur, da ƙullin goro da rabin buhun shinkafa na sadaka. Ya yi sallama a ƙofa da muryar ta'aziyya, ni kuma na amsa. Ya ja da baya har ya taka kaza. Da aka zaunar da shi aka ba shi ruwa, aka warware masa yadda abin ya faru, ya daɗe yana duban inda girata take a da.

"Yanzu Malam, duk wannan a kan gafiya?"

Na ce, "Yaya, ba ka ga girmanta ba."

Ya ce to, Allah ya kiyaye gaba. Ya ci tuwo ya ƙoshi, ya bar mana goron, ya sa yaro ya mayar masa da shinkafar kan babur, tunda a cewarsa babu mamaci. Sannan ya ja ni gefe ya ce mai ya yi tsada tun da aka hana sayarwa a jarka, in ɗan ba shi na komawa.