Gaisuwar Ban Girma Ga Sabon Fitowa

Ranka ya daɗe, Sabon Fitowa, ɗan kwali mai ƙyalli, baƙon da ba ya rasa masauki. Mutanen Ƙaraye da Rogo sun ga kai-komon sarauta a 'yan shekarun nan. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe ta, bayan 'yan makonni kuma aka dawo da ita a mataki na biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Duk wannan guguwa ba ta taɓa gadonka ba. Babu majalisar da ta naɗa ka, babu kotun da za ta tuɓe ka, amma daga Yammedi har Zarewa, daga Turawa har Fulatan, da wuya a sami dandalin samarin da ba a ambaton sunanka bayan isha'i. Harajinka kuwa ba ka aika dogari karɓa. Da ƙafarsu suke kai maka, har suna godiya.

Abin da ya fi burge ni a mulkinka shi ne tambayar da ka raba wa jama'a kyauta: in sayi wayar da ke kasuwa yanzu, ko in daure in jira mai zuwa? Ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a rumfar mai caji, har a bakin gona in an zauna cin abinci. Wannan ya ce saya, wancan ya ce jira, musu ya yi zafi har da rantse-rantse, kowa yana ganin shi ne mai wayo. Kai kuwa kana gefe hankalinka kwance, don ka san hanyoyin biyu duk a gidanka suke ɓullewa. Wanda ya saya bana naka ne, wanda ya jira baɗi ma naka ne. Tambayar da ba ka so a yi, wato me ya sami wayar da ke aljihuna, ka binne ta inda ba mai tono ta. Madalla da wannan basira.

Gaskiya dai a faɗe ta, farkon zuwanka ka saurari mutane. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne saboda ya lura da halin da muke ciki. Ya kawo waya mai layi biyu, don in sabis ɗin wannan ya ɗauke a koma wancan, da batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da ke fito da fuskar baƙar fata, a farashin da talaka zai iya taɓawa. Da ka tsaya a nan, da sai a ce kai ɗan kasuwa ne mai amfani kawai. Amma ka fi ƙarfin haka, sai ka shiga gyara wa duniya lissafi. Camon 19 ta Tecno ta fito a 2022, Camon 20 a 2023, daga nan sai Camon 30 a 2024, sai Camon 40 a 2025. Spark 10 da Spark 20 duk cikin 2023 suka fito, haka ma Hot 30 da Hot 40 na Infinix. Yaron firamare a Kurugu in ya ƙirga ashirin ya ce talatin, malam zai tsayar da shi ya sake daga farko. Kai ka yi aka tafa maka. Wanda ya sayi tasa wata tara da suka wuce ya wayi gari an bar shi a baya da lamba goma cif, alhali ba abin da ya canza a hannunsa. Tana kira, tana amsawa, tana tura kuɗi, tana ɗaukar karatun malam. Kunya kawai ka ɗora masa, ita kuwa ta isa ta hana saurayi barci.

Sai sanin lokaci, wanda a nan ne ba ka da na biyu. Kamfanin Apple ya saba fito da sabuwar iPhone a watan Satumba. Ba na cewa mutanen Kalifoniya sun san ranar da ake karya masara a Rogo, amma sabon yayin da suka buɗe a can shi ne ke gangarowa ta TikTok da Facebook, ya motsa dillalan Farm Centre da na titin Beirut a Kano, ya iso mana daidai da kaka, lokacin da ɗan manomi ke ganin kuɗi a dunƙule sau ɗaya a shekara. Wannan ƙasa ta noma ce: masara, dawa, waken suya, rake, barkono, ga noman rani da kamun kifi da dam ɗin Challawa ya kawo tun da aka gama shi a 1992. Kowane tsoho a nan ya san halin hatsi. Da kaka ya fi arha, don kowa ya fito da nasa. A yawancin shekaru, in bazara ta yi rumbuna suka yi ƙasa, sai ya tashi. Iyaye da kakanni sun yi ta wahalar koya wa 'ya'yansu riƙe buhu da haƙuri, kai cikin kaka biyu ka warware musu karatun. Yaro ya kai buhunansa kasuwa a ranar da suka fi arha, ya hau mota zuwa birni, ya sayo ka a ranar da ka fi tsada. Wane malamin tattalin arziki ne ya taɓa haɗa ciniki mai kyau haka?

Daga lokacin da ya yage ledar kwalin darajarka ta fara zuba. In ya koma bayan wata shida neman musaya, dillali zai juya wayar gaba da baya, ya taɓe baki, ya ce ai wannan tsohon yayi ce, sai dai a yi ciko mai kauri. Masarar da ya sayar kuwa tana can jibge a sito a kasuwar Dawanau, mai ita yana jiran farashi cikin natsuwa, wato yana yin irin jiran da yaron ya kamata ya yi. A 2025 hatsi ya faɗi warwas, taki bai sauko ba, manoma suka yi ta kukan ba su mai da abin da suka zuba a ƙasa ba. Ko a wannan shekarar ba ka yi fashin zuwa ba, ba ka kuma rage ƙyalli don tausayi ba, abin da ake kira cika alkawari ke nan. In damina ta faɗi, kuɗin taki da na feshi da na 'yan ƙwadago suka taso gaba ɗaya, sai ka ga waya mai kyamara uku tana ɗaukar hoton gonar da ganyenta ya yi rawaya don yunwa. Hoton kuwa tar, Allah ya sani, kowace jijiyar ganyen ta fito.

Kada mai jira ya zaci na manta da shi, shi ma yana da kasonsa a yabo. Shi ne malamin dandali. Ya san girman memorin wadda ba ta fito ba, ya san launukanta, ya san yawan idon kyamararta. Tasa gilashinta ya tsage, batirin ya kumbura, sai ya danna lasifika kafin ya ji magana. Ba zai gyara ba, wai asarar kuɗi ne tunda sabuwa na tafe. Ba zai saya ba, wai wadda ta fi ta na tafe. Dillalin tumatir ya kira daga kasuwa ya ji a kashe, ya kira maƙwabci, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, ciniki ya koma taransfa da POS, duk wanda ba shi da waya mai aiki ya ɗanɗana kuɗarsa. Sai ga watan Yuni, Babban Bankin Nijeriya ya saki naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, waya kuma da dala ake shigo da ita. Wanda ya tara kuɗinsa ya ce bari sabuwa ta fito tsohuwa ta sauko, sai ya tarar ko ƙanwarta ba za su saya ba. A ƙasashen da kuɗinsu ke tsaye da ƙafarsa, jira kan sauko da farashi. Mu a nan jiran gawon shanu ka koya mana, ka kuma sa mai yinsa yana taƙama.

Akwai kuma masu taurin kai, waɗanda suka ce ba sa saye, ba sa jira, tasu ta ishe su. Su ma ka tanadar musu magani. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batir, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato ne. A 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba, a Amurka kuma ya yarda ya biya har dala miliyan 500 don a sasanta ƙara. Tun a 2018 Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10 da Samsung miliyan 5 kan sabunta manhajar da ta raunana tsofaffin wayoyi. Turawa dai ba su san girman manya ba. Mu da muka sami tarbiyya, in waya ta fara nauyi sai mu ce ta tsufa, ko mu ce hannunmu ne ba shi da kyau. Batirin da a da ake ɓalle murfi a cire a sa wani, yanzu ka manne shi da gam can ciki. Manhajoji kullum ƙara ƙiba suke, WhatsApp kuma lokaci-lokaci sai ya sallami tsofaffin wayoyi. 'Yan tawayen da suka rage a ƙasarka su ne yaran nan masu gyara, da ke zaune a bakin kasuwa da ɗan tebur da fitila da dalma, suna canza bakin caji da gilashi da batir, suna ƙara wa waya shekara ko biyu da kuɗi kaɗan. Ka yi daidai da kake wahalar da su. Wa ya aike su tsare wa talaka kuɗinsa?

Tausayinka ga marar hali shi ne ya fi sa ni ƙwalla. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne tun 2024, waya mai matsakaicin daraja kuma ta isa ta haɗiye na wata biyu ko uku. Da ka ga haka sai ka buɗe ƙofar bashi. A ba da kafin alƙalami, a ɗauki waya yau, a riƙa biya mako-mako ko wata-wata. In an haɗa jimilla ta zarce farashin kuɗi hannu, malamanmu kuma suna da abin faɗa kan irin wannan ƙari, amma wa zai tsaya karanta sharuɗɗa ga kwali yana ƙamshi? Ranar biya na wucewa waya ta kulle kanta daga nesa. A da mai bin bashi sai ya tako har ƙofar gida, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, dattawa su sa baki a ɗaga wa mutum ƙafa zuwa kaka. Ka ɗauke wa jama'a wannan ɓata lokaci. Manhajar kullewa ba ta san an yi rasuwa a gidan ba, ba ta san ruwa ya ci gona ba, ba ta jin Allah ya ba ka haƙuri. Ta kulle, lambar dillali tana ciki, asusun banki yana ciki.

Ka shiga har zance. Saurayi ya fito da wayarsa a ƙofar gidan su budurwa yana rufe bayanta da tafin hannu don kada a ga lambar bara. Wani ya ciyo bashi ya kai toshin sabuwa dal, gidan da zai ajiye amarya kuwa ko daɓe ba a yi ba. Ba laifin yaran ba ne, darajar mutum ce ka mayar lamba a jikin kwali, su kuma suka gaskata ka.

Na ga kuma kana rubuta 5G ɓaro-ɓaro a jikin wasu kwalayen. MTN ya fara 5G a 2022 a wasu manyan birane, har da Kano. A ƙauyukanmu akwai inda har yanzu sai an fita bakin hanya ko an hau tudu kafin murya ta fita sosai, wayar kuma ta kwana a rumfar mai caji tana jiran janareta ko sola. Sayar wa mutum saurin da ba zai taɓa gani a garinsu ba, ya kuma biya da fara'a, wannan sai gwani.

Roƙo ɗaya nake da shi, ranka ya daɗe, kuma don kare mutuncinka ne. Tarayyar Turai ta sa dokar da ta fara aiki ranar 20 ga Yuni, 2025: duk wayar da za a sayar a can sai an ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da irinta, a samar da kayan gyaranta har shekara bakwai, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Google da Samsung ma sun yi wa manyan wayoyinsu, Pixel 8 da Galaxy S24, alkawarin shekara bakwai na sabuntawa. Ashe kana iya yin mai ƙarko in an matsa maka. Mu nan ba wanda ya ɗaure ka da irin wannan sharaɗi, shi ya sa da yawa daga masu arhar da kake turo mana ake mantawa da su tun kwalinsu bai yage ba. To, ka yi ƙoƙari kada wannan labari ya iso rumfar mai caji a Ƙaraye ko tashar mota a Rogo. In ya iso, wani yaro marar kunya zai tsaya a gaban dillali ya tambayi shekara nawa za a yi ana sabunta ta, nawa ne batirinta, a ina ake samun gilashinta. Wani ma zai iya tare ɗan majalisar mazaɓar Ƙaraye da Rogo ranar da ya zo neman ƙuri'a, ya ce masa ya kai maganar Abuja.