Kwana da Siminti a Ƙafa

Sannu da jiki, ɗan'uwa. Babur ya yi aikinsa, an kai ka asibitin ƙashi na Dala, an naɗe maka ƙafa da abin da mu ke kira siminti, an ce sai mako shida. Da rana kam ba laifi, 'yan dubiya na ta kawo ayaba da lemo. Dare ne mai magana.

Fara da ƙwace duk filon gidan, har wanda uwargida ke ɓoye wa baƙi. Ƙafar nan dole ta fi ƙirjinka tudu, musamman kwana biyu zuwa uku na farko, don kumburi ya saɓe. Daga yau ita ce mai gadon, kai ɗan rakiya ne. Jera filon ƙarƙashin sha-raɓa, ka bar diddige yana reto, kada ya yi gyambo. In ka saba kwanciya rub da ciki, sai haƙuri, rigingine za ka koya da girmanka.

Simintin kan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya bushe sarai. In ka ɗora shi a bakin katakon gado, sai ya lotsa, lotsawar ta yi ta cin fatarka har ranar cirewa.

Sai ƙaiƙayi. Ƙarfe biyun dare yake sallama, kuma daidai inda yatsa ba ya kaiwa. A nan Shaiɗan zai nuna maka tsinken tsintsiya, ya nuna maka biro, har wutsiyar ludayi. Yi a'uziyya. Tsinke kan karye a ciki ko ya yanki fata, rauni ya ruɓe a inda ido ba ya gani, sai wari ya tona asiri. Ka juyo fanka saitin bakin simintin. In an ɗauke wuta, mafici bai mutu ba.

Autan da ke tsalle a gado, a tura shi ɗakin kakarsa. Sanduna da tocila su kwana kusa da hannu, a naɗe tabarmar da ke hanyar bayi.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. In yatsun suka yi sanyi, suka canza launi, ko ka daina jin su, ko ciwo ya yi ta ƙaruwa duk da magani, simintin ya matse jini ke nan. Kada ka jira kiran assalatu. Tashi maƙwabci mai mota ya kai ka asibiti, ko da zai yi tsaki.