Botar Da Muke Shafawa, Man Da Muke Maimaitawa

Mu dai a unguwar nan, da an ce wane ya kwanta ciwon zuciya, sai mu ce ai kitsen nama ne, ko man shanun da yake malala wa tuwo. Ba mai tuna botar da mai shayi ke lafta mana a burodi kowace safiya, balle kek da cincin da biskit ɗin da muke cika robobi da su ranar biki da sallah.

To, ku saurara. Man tsirrai ruwa ne, amma masana'antu kan sa masa iskar haidurojin ya ɗan daskare, don ya daɗe a kanti bai lalace ba. Daga nan ake samun kitsen da likitoci ke kira tirans. Ba kowace bota ke da shi ba, amma wadda aka yi ta wannan hanya tana ɗauke da shi.

Ɓarnarsa a hanta take. Gwajin da aka yi a kan ƙwayoyin hanta da kuma ɓeraye ya nuna yana tayar da wani furotin mai suna SREBP2, wanda ke kunna ƙwayoyin gadon da ke sa a ƙera kolestarol. Furotin ɗin nan ba ya tashi sai hanta ta ga kolestarol ya yi mata kaɗan, shi kuwa tirans sai ya tashe shi ba gaira ba dalili. A jikin mutum ma, tun 1990 Mensink da Katan suka nuna a Holan cewa yana ƙara mugun kolestarol, LDL, mai toshe jijiyoyin jini, ya kuma rage HDL mai kwashe shi. Ɓarna biyu ke nan a lokaci guda.

Sai man suya. Mu fa ba ma zubar da mai. Na ƙosai ya koma awara, na awara ya koma kifi, ya yi baƙi ƙirin, a ƙara sabo a kai. Ban ga laifin kowa ba, mai ya yi tsada. Tirans ɗin da ke fita daga irin wannan bai kai na masana'anta ba, amma ƙonannen mai ba abin ba yara ba ne.

Denmak ta taka wa tirans birki tun 2003. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kusan giram 2.2 a rana, Najeriya kuma ta kafa ƙa'idar giram 2 cikin giram 100 na mai, a hannun NAFDAC. Sai dai botar da ake auna mana da cokali a ƙulle a leda ba ta da takarda, ba mu san daga wane bokiti ta fito ba.

Don Allah, masu yin kek da cincin, ku riƙa karanta jikin bokitin kafin ku saya. Iyaye mata kuma, man da ya yi baƙi a haƙura da shi.