Motar Tserenmu da Sarƙar Taimin

An ce a Turai mai tsohuwar motar tsere sai ya yi mako yana nazari kafin ya zaɓi sarƙar taimin. Mu nan tsakanin Anka, Gummi da Bukkuyum, motar tserenmu ita ce mashin Boxer, mai ɗaukar mutum uku da buhun gero, nazarin kuwa tsayuwa ɗaya ce a shagon kayan gyara.

Sarƙar nan ita ke haɗa ƙasan inji da samansa, don bawul ya buɗe ya rufe a kan kari. In ta saki, da asuba za ka ji inji na kwaramniya kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. In ta tsallake haƙori, fistin ya gabji bawul, sai turi.

Wani mai mashin ya zo sayen sarƙar, mai shago ya ciro biyu, kwali iri ɗaya. "Alhaji, wannan orijinal ce, wannan kuma orijinal ta biyu." Bakanike ya ce a canja har da tenshina da robar da sarƙar ke bi. Mai mashin ya laluba aljihu, ya ɗauki ta biyun ita kaɗai, wai ai hanyar Gummi kwalta ce. Washegari kuwa ƙauyen Bagega ya nufa.