Ai Yana Cikin Waya, Inna

Wanda ya taɓa kwana a gidan ɗayanmu daren da yaro zai tafi birni ya san ba a runtsawa. Mu Kiristocin ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan, in za mu sallami ɗa, sai ka rantse amarya za a kai. Uwa ta baje jakar Gana-mas-go a tsakar gida ta hau zubi: garin masara a ƙasa, sai kuka da busasshiyar kuɓewa, daddawa cikin leda uku saboda tufafi, yaji, ƙuli-ƙuli, da mazarƙwailar da za a kai wa mai masauki. Sai bakin jaka ya ƙi rufuwa sannan wani zai ce, "Af, Littafi fa?" A ɗauko Littafi Mai Tsarki a cusa ta gefe. Da asuba uba ya yi addu'ar da za ta sa a kusa rasa motar farko, ya rufe da nasihar da muka gada, kalma biyar ba ƙari: kada ka ba mu kunya.

Kirsimeti na zuwa jaka ta dawo. Gari ya ƙare, yaji ya ƙare, ko ɓurɓushin ƙuli babu. Littafi ne kaɗai ya dawo lafiya lau, shafukansa manne da juna kamar ranar da aka sayo shi a Zariya, sai dai ya sha ƙamshin daddawa.

Gwaggona ce ta tayar da zancen ran Lahadin nan, bayan an tashi sujada, muna gindin darbejiyar ƙofar majami'a ana shan rake. Autanta yana karatu a Samaru.

"Na ce masa, kai, wannan ko buɗe shi ka yi? Sai yaron nan ya dube ni ya ce, 'Ai yana cikin waya, Inna.' Na ce wace wayar? Wadda kullum kake yawon nema mata caji gidajen mutane? To ran da ta mutu, Maganar Allah ta tafi hutu ke nan?"

Aka kwashe da dariya, ban da Kawu, dattijon ikilisiya kuma tsohon malamin firamare. Ya jefar da ɓawon rake ya ce duk sakaci ne, an ajiye bulala. A zamaninsu, in ji shi, yaro ya makara makarantar Lahadi sai jikinsa ya gaya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwar Zumunta, shugabar Zumuntar Mata, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Gafarta Malam, ai kaf unguwar nan ba iccen da ya sha tanƙwara irin babban ɗanka. Yaushe rabonsa da ƙofar majami'a can Legas?"

Kawu ya ce rana ta yi, akwai taron dattawa. Babu wani taro.

Ni dai abin da na lura da shi game da mu, da ido muke renon bangaskiya. Ƙoƙari kam muna yi, har mu wuce gona da iri. Yaro tun bai iya ɗaure wando ba yake haddace ayar Kirsimeti, ya tsaya gaban jama'a murya na rawa ya zuba ta, a ba shi biskit. Ya shiga Birged ya yi maci da farar safa cikin ƙurar hunturu. Yarinya ta tashi a bayan uwarta ana kaɗa tulu a Zumuntar Mata, kafin ta shekara goma ta san rabin Littafin Waƙoƙi da ka. Sai ajin baftisma, ko na tabbatarwa in gidan Angilikan ne ko Katolika. Amma a duba abin da ke kai yaron majami'a. Tsohon wilin motar nan ne da aka rataye a bishiya, wanda in mai bishara ya buga shi da ƙarfe har kare ya san Lahadi ta yi. Idon maƙwabciya ne, wadda za ta leƙo ta kan danga ta ce, "Yau ban ga wane ba, ko ba lafiya?" Ƙauyen ne gaba ɗaya ke ɗauke da shi kamar kaya a kan jaki. Ran da ya sauka a Kwangila ko Kawo ko Mararraba, jaki ya juya gida. Mun ce kada ya ba mu kunya, shi kuma cikin mako biyu ya gane daga Abuja ba a hango kunya a Gubuci.

Wani maƙwabcinmu Musulmi, dillalin rake a kasuwar Maƙarfi, ya tsaya gaisawa ya tarar da zancen. Ya ce, "Ashe ciwon namu ɗaya ne. Ni ma nawa tun da ya tafi Fatakwal ban yarda da asubarsa ba." Gaskiyarsa, sai dai ya fi mu sauƙi ta wani gefen. Ɗansa duk inda ya sauka, Agege ko Sabo ta Ibadan, zai tarar da unguwar Hausawa da masallaci da ladanin da zai tashe shi. Namu in ya bi harshe ya rasa majami'a, in ya bi majami'a a tare shi da tambaya.

Tambayar nan duk wanda ya fita a cikinmu ya sha ta. Ka shiga sashen Hausa na wata majami'a a Kaduna ko Abuja, cike da 'yan'uwa daga Kudancin Kaduna da Filato da ƙasar Tangale, ana waƙa da harshen da ka sha a nono. An tashi, a miƙo maka hannu: "Ɗan'uwa, wane yare ne kai?" Ka ce Bahaushe. A yi murmushi: "E, duk muna jin Hausa, amma yarenku na gida fa?" Ka ce shi ke nan, ba ni da wani. Sai a ce, "Oho, yaushe ka tuba?" Kai da kakanka ne ya yi wa majami'ar garinku jinka.

Ni ma na sha tawa. Bayan bama-baman da aka kai wa majami'u a Zariya da Kaduna cikin watan Yuni na 2012, ko'ina an sa masu bincike a ƙofa. Na je wata babbar majami'a a birni cikin kaftani da hula, shigar da ubana ke yi kowace Lahadi tun ina goye. Mai gadi ya lalube ni sau biyu, ya tambayi sunana, sunan bai taimake ni ba. Ya ce in karanto Addu'ar Ubangiji, na karanto da Hausa, ya ce da Turanci. Ban ga laifinsa ba, lokacin tsoro ne. Amma ni da gemuna na jure. Ɗan shekara goma sha takwas in aka yi masa haka sau biyu, Lahadi ta uku wanki zai yi. A waje kuma abokai su ce masa, "Kai da sunanka Haruna, ga Hausa tsantsa, me kake nema a coci?" Mun ɗaure masa daddawa leda uku, ba mu ɗaure masa amsa ko ɗaya ba.

Alhali amsar tana nan ƙofar gidanmu. Yara nawa ne a Maƙarfi suka san abin da ya faru a Gimi? Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. Wajen 1913 wasu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka neme shi. Aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, aka yi noma, aka yi makaranta, har cutar barci ta auka musu ta ci mutane da yawa, ta watsa sauran. Mishan ya tashi daga birni zuwa Wusasa a 1929, aka gina majami'ar ƙasa mai ginin Hausa wadda ke tsaye har yau, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Daga wannan 'yar al'umma aka sami Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Ancau nan kusa da mu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Waɗannan har Ingila suka je karatu, suka dawo da Hausarsu da bangaskiyarsu. Daga Hunƙuyi zuwa Wusasa bai kai tafiyar awa guda a mota ba, amma sai zazzaɓi ya kama yaro muke kai shi can, asibiti kawai ya gani ya dawo. Wani ɗan Wusasa ne ma, Janar Yakubu Gowon, ya ƙirƙiro bautar ƙasa a 1973, wadda ke kwashe mana yara zuwa Inugu da Kalaba. Gwaggo ta ce in ta gan shi akwai magana.

Galibinmu kuma ba ta Gimi muka biyo ba, daga Maguzanci iyaye da kakanni suka fito. Shi ma wannan labarin ɓoye shi muke yi kamar abin kunya. Ba ma gaya wa yaro ranar da kakansa ya fitar da kayan tsafi ya ƙona, da yadda dangi suka daina cin abincin gidansa, da budurwar da aka hana shi. Sai yaro ya tashi yana zaton addinin nan gonar gado ce, an haife shi ya tarar, ba wanda ya yi gumin sharar dajin.

Kada a ce duka da sanyi suke dawowa. Akwai mai dawowa da zafin da ya fi na barkonon Kudan. Ya faɗa wata majami'ar zamani mai janareto da manyan lasifika, ya zo hutu aka ce ya sa albarka a tuwo, ya miƙe tsaye ya kama Turanci da tsawa, yana ɗaure aljanun gado ɗaya bayan ɗaya har miya ta daskare. Ya ce Littafin Waƙoƙi ba shi da wuta. Ya ce a sare tsamiyar bayan gida don matattarar iskoki ce, tsamiyar da ake kunun gidan da ita shekara da shekaru. Kakarsa ta ce, "Maigidana, iskokin nan mun sallame su tun ubanka bai yi haƙori ba, ka bar mana tsamiya." Wannan dai bai ɓata ba, kunnuwa ne kawai ke wahala, kuma aure da kuɗin haya sukan rage masa murya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai shiru. A gida mun hana shi tambaya. Ya ce, Baba, yaya Allah ɗaya kuma a ce Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki? A ce rufe mana baki, wa ya koya maka? Ya ce me ya sa muka kwana addu'a amma ƙanwata ta rasu? A ce saɓo kake son yi. Tambayar kuwa ba ta mutu ba, tana can tana jiransa a ɗakin kwanan ɗalibai, a bakin abokin da ya san nasa littafin ciki da bai, ko malamin da bai yarda da kowane littafi ba. Yaro na da aya hamsin a ka, amma ba a taɓa zama da shi a tabarma an warware masa ɗaya ba.

Mu maza kuma mu faɗi gaskiya, mun bar wa mata addini kamar yadda muka bar musu daka. Uwa ce mai addu'ar safe, ita ce mai azumi, ita ce mai zuwa gaida marasa lafiya. Uba sai an kusa wa'azi zai shigo, in lokacin saran rake ne ma sai dai a gan shi wajen cin tuwo. Ɗa namiji yana kallo, ya ɗauka majami'a wuri ne da ake zuwa kafin gemu ya fito.

Na sha tambayar waɗanda suka fita suka kuma tsaya, me ya riƙe su. Har yau ban ji wanda ya ce bulala ba, kowa mutum yake ambata. Wannan ya ce wani babban ɗalibi ne a FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka fara a Gindiri a 1957, ya riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan ta ce wata nas ce 'yar wajen Kurmin Kogi mazauniyar Tudun Wada, ta ce mata duk Lahadi bayan sujada tuwonki yana gidana. Wancan ya ce uwarsa ce ke kira kowace Asabar da dare, ba ta tambayar ko zai je, sai dai ta ce gobe ka kira ka gaya mini inda aka karanta. Da can ma akwai takarda: mai tafiya sai fasto ya rubuta masa wasiƙa zuwa ga faston inda za shi, ya kai hannu da hannu, a san da zuwansa. Yanzu da kowa ke da waya a aljihu, sai muka bar yara suna sauka a gari kamar awakin da suka tsinke.

Kafin a watse Uwar Zumunta ta aiki yarinya ta ɗauko tsohon littafin baiko, ta juya bayansa, ta ce kowa ya faɗi ɗansa, da garin da yake, da wanda muka sani a can. Shafi biyu suka cika. Kawu ya dawo daga taron da babu, ya tsaya daga nesa hannu a baya, can ya yi gyaran murya ya ce a rubuta nasa, Legas, wajen Agege. Aka tambayi wa muka sani a can, aka yi ta kallon juna.

To kai ɗan wajenmu da ke zaune a Agege, ko Samaru, ko Mararraba, kana da ɗaki kana da tukunya: cikin makon nan wata baƙuwar lamba za ta kira ka. Uwar Zumunta ce, ka ɗauka.